The Batman na 2022 da littattafan da aka ciro shi: an riƙe asali ko an bar rabi a hanya?

Sadiq Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina so mu tattauna a kan The Batman, wanda Matt Reeves ya ba da umarni, Robert Pattinson ya fito a jarumin, ya fita a watan Maris na 2022. Wanda bai kalla ba ya dakata a nan, don za mu tona labarin har ƙarshe.

Ra'ayina shi ne, a duk finafinan Batman da aka yi da mutane, babu wanda ya kusanci littattafan komik kamar wannan. Batman ya fara fitowa ne a 1939, a fitowa ta 27 ta Detective Comics, mujallar labaran binciken laifi. Asalinsa mai bincike ne, mai bin sawun laifi da kaifin ƙwaƙwalwa. Amma ku duba abin da aka riƙa ba mu. Na Tim Burton a 1989 ya fi ƙarfi wajen ƙawata gari da tsoratarwa. Na Christopher Nolan, daga 2005 zuwa 2012, finafinai ne masu girma, ban musa ba, sai dai yawancin matsalolin da ke cikinsu kayan aikin da Lucius Fox ke ƙera wa Batman ne ke warware su. Na Ben Affleck kuwa har kisa yake yi ba ya ko waiwaye. Sai ga wannan: mintuna kaɗan da farawa Batman yana tsaye a ɗakin da aka kashe magajin gari, 'yan sanda suna hararar sa, shi kuma ya yi shiru yana duban gawa, ya lura an yanke babban yatsan mamacin tun yana da rai. Wannan shi ne Batman ɗin da nake karantawa. Kusan awa uku fim ɗin, amma ban ji ya yi min tsawo ba.

Bashir Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Yaya Sadiq, tambayata ɗaya: waɗanne littattafan? Sama da shekara 80 ana rubuta Batman. Hannaye nawa ya bi? Wanda Adam West ya yi a talabijin a 1966, mai launi da raha, shi ma daga komik ɗin zamaninsa aka ɗauko shi. In ka ce "ya kusanci littattafai" sai ka faɗi wanne kake nufi.

Sadiq Fagge:
Tambaya mai kyau, ƙanena. Guda uku nake nufi, kuma shi kansa darakta ya ambace su: Year One na Frank Miller da David Mazzucchelli, 1987, The Long Halloween na Jeph Loeb da Tim Sale, fitowa 13 tsakanin 1996 da 1997, sai Ego na Darwyn Cooke, 2000.

Daga Year One aka ɗauko garin da ya ruɓe tun daga sama, inda kwamishinan 'yan sanda kansa yake cin abinci da 'yan daba, Gordon kuma, ɗan sandan da ke aiki tare da Batman, shi kaɗai ne mai tsabta a cikinsu. Muryar Bruce Wayne, wato Batman, da muke ji yana karanta abin da ya rubuta a littafinsa, salon wancan littafin ne. Selina, wato Catwoman, mai gajeren gashi, mai zama a unguwar marasa galihu tana kare wata yarinya, daga can take. Daga The Long Halloween aka ɗauko kisan gilla ɗaya bayan ɗaya da ya fara a daren Halloween, da Carmine Falcone, uban 'yan daban garin, da labarin yadda Thomas Wayne, mahaifin Bruce, ya yi wa Falcone tiyata a gidansa bayan an harbe shi, Bruce yana yaro yana leƙe. Wannan kusan kai tsaye aka ɗauko shi.

Ummi Zariya:
Na yarda da duk wannan, amma Yaya Sadiq ka tsallake abin da ya fi damuna. Ina Bruce Wayne?

A fim ɗin nan babu shi. Akwai Batman mai rigar ƙarfe, akwai kuma Batman da ya cire riga, baƙin fenti na zagaye da idonsa, gashi ya rufe masa fuska, ba ya magana da kowa, ba ya ma son ganin masu lissafin kamfanin ubansa. Mutum ɗaya ne, hali ɗaya. Alhali a littattafai fuska biyu ce, kuma daɗin labarin yana tsakanin biyun. Ku koma wancan labari na farko na 1939, shafi shida ne kacal. An buɗe shi da Bruce Wayne zaune a gidan Kwamishina Gordon, ɗan masu kuɗi marar aikin yi, yana nuna kamar komai ya gundure shi. Sai a zanen ƙarshe mai karatu ya gane cewa wannan malalacin shi ne Batman. Tun ranar farko wannan wasan ɓoye kama yana nan.

Har a Year One ɗin da ka kawo. Lokacin da Gordon ya fara zargin Bruce, ya je gidansa tare da matarsa, Bruce ya tarbe su a matsayin mashayi mai bin mata, don kawai Gordon ya cire shi daga lissafi. To in ka ɗauki duhun littafin ka bar wannan, rabi ka ɗauka.

Nura Kumasi:
Anti Ummi ta faɗi abin da ke raina. A garin da kowa ya san akwai wani matashi mai dukiya, maraya, da ba ya fita, kullum fuska a murtuke, wa zai daɗe bai haɗa lissafi ba?

Sadiq Fagge:
Ummi, hujjarki mai ƙarfi ce, amma ki duba inda aka ajiye labarin. Shekararsa ta biyu ce da fara wannan aiki. Bai gane amfanin sunan Wayne ba tukuna, kuma fim ɗin bai yabe shi a kan haka ba, hukunta shi ya yi. Ki tuna gidauniyar Renewal, dala biliyan ɗaya da mahaifinsa ya ware don gyara gari. Bayan mutuwarsa babu mai sa ido, sai Falcone da manyan gari suka mayar da ita rumbunsu, gidan marayu ya lalace, yara suna kwana cikin sanyi, kuma daga wannan gidan Riddler, makashin fim ɗin, ya fito. Da Bruce ya zauna da masu lissafin nan da Alfred, mai kula da gidansa, ke ta roƙonsa ya gani, da ya gano ɓarnar ba tare da ya daki kowa ba. A wurin jana'izar magajin gari, Bella Reál mai neman kujerar ta faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa danginsa sun saba taimakon jama'a, shi kuwa ba ta ga yana yin komai ba. Rashin Bruce Wayne shi ne ciwon da fim ɗin ke nunawa.

Ummi Zariya:
Na gane wannan, kuma ya burge ni a rubuce. Amma hakan na nufin an ce in zauna awa uku in kalli rabin mutum, da alƙawarin za a cika min shi a fim na gaba. Ni fim ɗin da ke gabana nake aunawa.

Malam Tukur:
Ku bari in sa baki, ni da na fara ganin waɗannan littattafai tun ana sayar da tsofaffinsu a kasuwa tare da tsofaffin mujallu.

Maganar Bashir ita ce ginshiƙi. Babu wani Batman guda da za a ce shi ne na asali, sauran jabu. Na 1939 yana riƙe bindiga a wasu labaran farko, miyagu suna mutuwa a hannunsa bai damu ba. A 1940 aka kawo Robin, yaron da ke taimaka masa, labarin ya yi haske don yara. Bayan 1954, da kamfanonin komik na Amurka suka kafa hukumar tace kansu saboda ƙorafin cewa littattafan na lalata tarbiyya, sai Batman ya koma yana fafatawa da halittun wasu duniyoyi. Dennis O'Neil da Neal Adams ne suka dawo da shi cikin dare a farkon shekarun 1970. Miller ya ƙara masa duhu a shekarun 1980. Saboda haka duk daraktan da ya zo, zaɓe yake yi. Tambayar da ta dace ita ce ko abin da ya zaɓa ya riƙe shi da gaskiya.

Kuma tunda ana maganar asali, akwai haƙƙin da ya kamata a faɗa. Shekaru da dama sunan Bob Kane kaɗai ake rubutawa a matsayin wanda ya ƙirƙiri Batman. Bill Finger ne ya rubuta labaran farko, shi ya ba da shawarar kamannin rigar, shi ya sa sunan Bruce Wayne da na birnin Gotham. Ya mutu a 1974 cikin talauci, ba a fara sa sunansa a hukumance ba sai 2015. Batman mai bincike da Sadiq yake yabo, aikin Finger ne. Duk lokacin da na ga sunansa a jikin fim, raina yana yin sanyi.

Bashir Maraɗi:
Allah ya ƙara girma Malam. To ni ga tawa matsalar: Riddler. Wannan na Paul Dano ba Riddler ba ne. Wanda Finger da Dick Sprang suka ƙirƙira a 1948 mutum ne mai girman kai, mai koriyar riga da alamar tambaya, wanda ba zai iya aikata laifi ba sai ya bar kacici-kacici, don yana so duniya ta san ya fi Batman wayo. Ciwonsa son a yaba masa. Wannan kuwa sun rufe masa fuska da takunkumin sojoji na sanyi, yana naɗe mutane da salatif, sun ɗauko shi daga Zodiac, makashin da ya addabi arewacin Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1960 yana aika wa jaridu wasiƙu masu rubutun sirri. Suna kawai suka ara.

Sadiq Fagge:
Riga kam sun canza, amma ka sake kallon zamansa da Batman a Arkham, asibitin masu taɓin hankali da aka tsare shi. Me yake so a wurin Batman? Yabo. Ya ɗauka abokai ne, tare suke aiki, shi ƙwaƙwalwa Batman ƙarfi. Da Batman ya ƙi shi sai ya rikice kamar yaro, daga nan kuma da ya fahimci Batman bai gano shirinsa na ƙarshe ba, sai fuskarsa ta cika da murna don ya fi shi wayo. Wannan girman kan shi ne Riddler na littafi. Sunansa ma a fim, Edward Nashton, daga komik yake. Fasa bangon teku da ambaliyar da ta ci gari kuma ba ƙirƙirar Reeves ba ce: a Zero Year na Scott Snyder da Greg Capullo, 2013 zuwa 2014, Riddler ne ya jefa Gotham cikin duhu ya kuma cika ta da ruwa.

Bashir Maraɗi:
Na Zero Year yana da koriyar rigarsa da hularsa, kuma yana jin daɗin wasan. Wannan ba ya jin daɗin komai. Ba na cewa a dawo da na Jim Carrey na 1995, amma akwai tsaka-tsaki. Kamar an fara jin kunyar duk wani abu mai launi da ya fito daga komik. Penguin ma sun cire masa lema da dogon hula, ya zama ɗan daba kawai mai tabo a fuska, duk da cewa Colin Farrell ya yi ƙoƙari ƙwarai, ba ka ma gane shi.

Hajiya Maman Ilham:
Ni ban karanta littattafan da yawa kamar ku ba, 'ya'yana ne suka ja ni ciki. Abin da ya tsaya min shi ne yadda aka taɓa iyayen. An nuna Thomas Wayne ya je wurin Falcone don a tsorata wani ɗan jarida, aka ƙare da kashe shi. An nuna mahaifiyar tana da taɓin hankali a danginsu. Wannan yana cikin littafi, ko sun ƙara ne don su ɓata mutanen kirki?

Ummi Zariya:
Hajiya, wani ɓangaren yana ciki, amma ba a babban layin labarin ba. A yawancin littattafai Martha 'yar gidan Kane ce. A Earth One na Geoff Johns da Gary Frank, 2012, aka mayar da ita 'yar gidan Arkham, dangin da ke da tarihin taɓin hankali, kuma a can ne Thomas yake takarar magajin gari lokacin da aka kashe su. Alfred mai sanda, tsohon mayaƙi mai gemu wanda ya koya wa Bruce faɗa, shi ma daga can ne, Andy Serkis ya ɗauke shi kusan yadda yake. Har faɗuwar da Batman ya yi lokacin da ya diro daga saman ofishin 'yan sanda ya bugi gada, ruhin wancan littafin ne, don shi ma ya buɗe da Batman yana faɗowa daga rufi bayan kayan aikinsa sun ƙi aiki.

A nan ina tare da fim ɗin. Bai ce Thomas mugu ba ne. Alfred ya bayyana a gadon asibiti cewa Thomas matarsa yake karewa, ya yi kuskure sau ɗaya cikin tsoro, kuma ya yi niyyar kai kansa ga 'yan sanda. Yaron da ya gina rayuwarsa kaf a kan cewa ubansa ba ya kuskure, dole wata rana ya ji wannan. Wurin ya taɓa ni sosai.

Selina kuma da aka ce 'yar Falcone ce, Loeb da Sale sun daɗe da shuka wannan a Dark Victory da Catwoman: When in Rome, sai dai su sun bar shi a matsayin zargi, fim ɗin ya tabbatar. Zoë Kravitz ce ta fi kowa rai a fim ɗin nan, a ganina.

Nura Kumasi:
Yaya Sadiq, ka ce mai bincike ne. To me ya gano? Duk wanda Riddler ya yi niyyar kashewa kafin a kama shi ya mutu, ban da Bruce kansa, shi ma don Alfred ne ya buɗe saƙon. Falcone kuwa Batman da hannunsa ya fito da shi fili aka harbe shi. Riddler shi ya zauna a shagon shan kofi yana jira a kama shi. Makamin kisan farko yana hannunsu, sai da wani ɗan sanda ya ce masa ai wannan abin shimfiɗa kafet ne, sannan ya ɗaga kafet ya ga taswira, lokacin kuma motoci bakwai masu ɗauke da bam sun riga sun kusa tashi. Gari ya nutse. Wannan ne babban mai binciken duniya?

Malam Tukur:
Nura, wannan ita ce tambaya mafi nauyi da aka yi yau, kuma amsarta tana cikin The Long Halloween. Wanda bai karanta ba ya yafe ni. Shekara guda cur Batman da Gordon da lauyan gwamnati Harvey Dent suna bin makashin da ke kisa a ranakun bukukuwa. Batman ya zargi wanda ba shi ba. Dent, abokinsa, ya lalace a gabansa bayan ɗan daba Maroni ya watsa masa asid a kotu. A shafukan ƙarshe mai karatu ya ji wata gaskiya daga bakin matar Dent wadda Batman bai taɓa sani ba. Littafin da ake ɗauka a cikin mafiya kyau kenan, kuma jarumin bai warware shi duka ba.

Maganar kafet ɗin nan ba sakaci ba ce. Ɗan masu kuɗi ne da ya tashi a saman bene, bai taɓa ganin leburan da ke shimfiɗa kafet yana aiki ba. Ya iya warware kacici-kacici cikin daƙiƙa, amma bai san kayan aikin talaka ba. Ɗan sandan da kawunsa ke wannan sana'a ya gane shi da kallo ɗaya. Selina ma ta faɗa masa cewa daga maganarsa an san a cikin dukiya ya tashi. Zare ɗaya ne tun daga gidauniyar har zuwa nan.

Nura Kumasi:
Na ji wannan, Malam, kuma ya zauna. Amma har yanzu tafiyar da yake yi cikin ruwan harsashi ba ta kwanta min ba. A littafi Batman inuwa ne, yana ɓuya, yana kauce wa bindiga. A nan yana takowa da ƙarar takalmi, ana harbinsa a ƙirji yana ci gaba. Kyau kam ya yi kyau a ido, musamman wurin nan mai duhu da hasken bindigogi kaɗai ke haska shi, aikin Greig Fraser ne mai ɗaukar hoto. Amma ba halinsa ba ne.

Sadiq Fagge:
Wannan na ba ka. Sai dai ka haɗa da cewa bai kashe kowa ba, bai riƙe bindiga ba, kuma ya hana Selina harbi har sau biyu, a kan ɗan sandan da ya ci amana da kuma a kan ubanta. Wannan doka ita ce kashin bayan Batman tun farkon shekarun 1940, kuma finafinai da yawa sun yi wasa da ita.

Abin da ya sa na ambaci Ego shi ne ƙarshen fim ɗin. A littafin, Bruce ya shafe dare yana jayayya da tsoron da ya ƙirƙira, bayan wani ɗan daba ya hallaka iyalinsa da kansa saboda firgicin da aikin Batman ya jawo masa. Suka ƙare a kan cewa Batman zai zama abin tsoro ga miyagu, amma dole ya zama abin dogaro ga mutanen kirki. A farkon fim, mutumin da ya ceta a tashar jirgin ƙasa roƙonsa yake kada ya cuce shi. A ƙarshe, ɗaya daga cikin mabiyan Riddler ya kira kansa da kalmar ramuwar da Batman ke kiran kansa da ita. A nan ya gane abin da ya shuka. Sai ya yanke wayar lantarki ya faɗa ruwa, ya kunna jar wuta ya ja mutane zuwa tudun mun tsira, da gari ya waye yana ɗauke da masu rauni a gaban kowa. Ban san wani fim na Batman da ya kai shi nan a fili haka ba.

Ummi Zariya:
Shi ya sa nake cewa a dawo da ɗaya fuskar. Mutumin da ya gane duka ba ya gyara gari, mataki na gaba shi ne ya sa kwat ya shiga ɗakin taro, ya karɓe gidauniyar ubansa, ya sake gina gidan marayun nan. A littattafai Gidauniyar Wayne tana yin wannan aikin, asibitoci da makarantu da ba tsofaffin fursunoni aiki. In fim na biyu ya sake ba ni Bruce mai ɓuya a ɗaki yana jin waƙar Nirvana, to zan ce na farkon ma sa'a aka yi.

Hajiya Maman Ilham:
To wanda yake so ya fara karantawa, da wanne zai fara? Babban ɗana shekararsa 15.

Malam Tukur:
Hajiya, ki fara duba su da kanki kafin ki ba shi, don Year One akwai wuraren da suka shafi karuwanci da shan ƙwaya, ba na yara ba ne. In kin ga ya dace, shi ne farko, fitowa huɗu ce kawai, ta 404 zuwa 407 ta mujallar Batman. Sai The Long Halloween, sai Dark Victory da ke biye da shi, a nan ne Robin yake shigowa. Ego gajere ne amma ya fi dacewa da wanda ya riga ya san jarumin. Bashir kuma, tunda Riddler ne damuwarka, Paul Dano da kansa ya rubuta Riddler: Year One, fitowa shida, a kan yadda Nashton ya gano ɓarnar gidauniyar yana ma'aikacin lissafi. Ka karanta, sannan ka dawo mu ji ko har yanzu suna kawai suka ara.

Bashir Maraɗi:
Zan nema, Malam. Amma littafin da aka rubuta bayan fim don ya bayyana fim ba zai zama asalinsa ba. Da na 1948 zan auna shi.